Yawun Gidan Mai Nasara

A unguwarmu ta Zango, in kunama ta harbi mutum ba a tambayar ina za a kai shi. Gidan Mai Nasara ake nufa, wato gidan ubanmu. Tun kakanni muke da maganinta, kuma ba saiwa ba ce, ba rubutun sha ba ne. Yawu ne. Mai shi zai kama wurin harbin, ya karanta abin da zai karanta ciki-ciki, ya tofa, ya murza da babban yatsa yana jan dafin ƙasa. Kafin ka ankara, yaron da aka shigo da shi yana birgima ya fara tambayar ina ƙosansa da ya yar a hanya.

Abin ba a koyar da shi kamar karatun allo. Mai shi ne zai raɗa wa magajinsa kalmomin a kunne, sannan ya tofa masa yawu a baki, daga ranar kuma nasa ya mutu. Mutum ɗaya ke riƙe da shi a lokaci guda. Ni Tani ni ce babba a ɗakinmu, amma da ciwon ajali ya kama Baba sai ya tsallake ni ya kira ƙanena Habu, wai ni mace ce, gidan wani zan kai shi. Na ji haushi ƙwarai, har yau in na tuna sai na yi tsaki. Gidan wanin ma ban daɗe ba mijin ya rasu, na kwaso kwanukana na dawo.

Habu kuwa Nasara, Turawan Faransa, suka ɗauke shi soja. Shekarun da ya yi a Aljeriya unguwa ta sha wuya, kowace damina sai an tsine wa kwamandan Nasara a ƙofar gidanmu. Ya dawo shekarar da aka jefa ƙuri'ar i ko a'a kan zama da Faransa, da igiyar kafaran, wato kofur, a hannun riga da akwatin ƙarfe, jikinsa ko ƙwarzane babu. Aka yi ta barka. Ya zauna a zauren Baba ya ci gaba da tofi kamar bai je ko'ina ba.

Ba a rufa shekara ba ya fara yin sanyi. Da fari hira ya rage, sai abinci, sai wanka. Daga baya ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya, ya zuba wa bango ido. In ka yi masa magana sai ka gama ka fara wata kafin ya ce "to". Mun yi rubutu, mun yi turare, mun kai shi wurin masu bori a ɓoye. Matarsa Balaraba ta yi iya haƙurinta, ta tafi ganin gida Zermu ba ta dawo ba, ni kuma ban ga laifinta ba. Wata rana da hantsi majema suka tarar da shi zaune a bakin tsohuwar rijiyar bayan gari, ƙafafunsa biyu a ciki, ya tuɓe takalmansa ya jera su a gefe. Su suka riƙo mini shi har gida.

Washegari na sa shi gaba muka tafi gidan likita. Akwai wani anfirme, wato ma'aikacin jinya, Babarbare, Modu, wanda suka yi soja tare, shi ya shigar da mu wurin lokotoron Nasara, babban likitan. Lokotoro ya yi ta tambaya, Habu ya yi ta kallon ƙasa. A ƙarshe aka ba mu wasu 'yan ƙwayoyi ƙanana a kwalba, wai sabon magani ne, bai daɗe da zuwa daga Faransa ba.

Modu ya rako mu har bakin ƙofa ya ce, "Yaya Tani, ke za ki riƙa ba shi da hannunki, safe da yamma. Kada ki ga shiru ki ce bai aiki, sai ya jima yake kamawa. Kada kuma a tsallake."

Na ce, "Ba shi da wata illa?"

"Zai ɗan busar masa da baki. Ba wani abu ba ne."

Ba wani abu ba ne! Haka ya faɗa, kamar ba a Zango ya yi shekaru yana haya ba.

Maganin dai ya yi aiki, wannan ba zan ci amanarsa ba. Wata bai cika ba Habu ya nemi ruwan wanka da kansa. Ya fito tsakar gida, ya dubi akuyata ya ce ta rame, wai da ganin ta a hannun marowaciya take. Na zage shi tas, na shiga madafa na yi kuka don daɗi. Ya koma masallaci, ya koma zaure, har ya gyara dangar da ta faɗi tun bara.

Amma bakin ya bushe, bushewar da ban taɓa ganin irinta ba. In yana magana sai ka ji harshen yana ɗamewa da ganɗa yana saki, ƙas-ƙas. Leɓensa na sama yakan manne a haƙora, sai ya sa yatsa ya sauko da shi. Tuwo ba ya wucewa sai na kwarara masa miyar kuɓewa har ta shanye tuwon. Kilishi, da yake so kamar ransa, sai dai ya shinshina ya miƙo mini. Buta ba ta rabuwa da gefensa, ya kurɓa, ya kurkure, kafin ya ajiye ta bakin ya koma yadda yake.

Ranar da asiri ya tonu, wani Bakano ne mai sayen fata, Tijjani, kunama ta harbe shi a yatsa yana ɗaga ƙunshin kirgi. Aka kawo shi, ƙato da shi, yana kiran uwarsa. Habu ya kama yatsan, ya yi karatunsa, ya tattara baki zai tofa. Iska ce kawai ta fito. Ya sake, ya motsa harshe, ya matse kumatu, jijiyar wuyansa ta tashi. Ko ɗigo. Mutane cike da zaure suna kallo. Sai ya ɗauki buta ya kurɓi ruwa, ya juya shi a baki, ya fesa a yatsan.

Tijjani ya jira, ya jira, zufa tana keto masa. Can ya ce, "Malam, in ruwan randa ne ai ina da shi a masauki."

Kafin la'asar labari ya kai har unguwar Birni. Wasu suka ce jinin da ya zubar a ƙasar Larabawa ne ya kashe maganin. Wasu suka ce ya sayar wa Nasara da shi, an ɗura a kwalba an kai Faransa. Masu wannan maganar kuma su ne in an harbi 'ya'yansu suke fara bugo mana ƙofa, don ba su da wani wurin zuwa. Kowane karo Habu sai ya fito, ya gwada, ya kasa, ya tsaya yana kallo a saɓi yaro a fita da shi yana tsala ihu. In ya dawo ciki ba ya iya haɗa ido da ni.

Maƙwabciyarmu Ladi, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ita ta kawo shawarar sukari. Ta ce ai ko jariri ka ɗiga wa zaƙi sai ya yi dalala. Aka sayo na kwali, mai ƙwaya-ƙwaya, Habu ya riƙa ajiye ɗaya a kunci yini guda, in ta narke ya sa wata, har barci yake da ita. In sukari ya ƙare, tsamiya. Yakan ɗan samu damshi, mai kauri, mai danƙo, wanda ko leɓe ba ya iya tsallakewa. Muka ce da sannu zai ƙaru. Muka yi watanni a haka.

Abin da ya ƙaru daban ne. Gindin haƙoransa ya yi baƙi, ya fara ɓarewa kamar tsohon bango. Dasashi ya kumbura, asuwaki na taɓa shi sai jini. Wani fari-fari ya shimfiɗu a harshe da cikin kumatu, in an goge sai wurin ya yi ja yana raɗaɗi. Gefen bakin nan biyu suka tsage, in ya yi hamma sai sun buɗe. Ko barkono ɗaya na jefa a miya ba ya iya ci. Ga wari, wanda ya sa ya koma sahun baya a masallaci, yana amsa gaisuwa da hannu a kan baki. Na dafa masa bagaruwa, na jiƙa masa jar kanwa, duk a banza. Haƙoran turmi biyu Modu ya cire masa a zama ɗaya.

Da Modu ya ji labarin sukarin ya riƙe kai. "Wa ya ce ku yi haka? Bakin da ba yawu ba shi da mai wanke shi, kun kuma bi shi da sukari dare da rana!"

Na ce, "Kai da ka ce ba wani abu ba ne, ka zo ka gaya mana abin da za mu yi?"

Na ce ya roƙi lokotoro a sauya wani maganin. Ya je ya dawo ya ce babu wani sai wanda ya fi wannan sharri. An ɗan rage masa, bakin bai san an yi ba.

Farkon daminar da aka ce ƙasa za ta samu 'yancin kai, ruwan fari ya sauka, kunamu suka fito daga duwatsu kamar an aike su. A mako guda aka kawo mana mutane har na daina ƙirga. Cikinsu akwai wata jaririya daga wajen Takieta, a kan jaki aka kawo ta, tafiyar da ta cinye musu yini. Habu ya karɓe ta, ya yi ta fama da busasshen bakinsa har tsagar gefen ta fashe, jini ya ɗigo a zanen goyon. Ba su kai gidan likita da ita da rai ba.

Da yamma na kawo masa ƙwaya da ruwa. Ya dubi hannuna ya ce, "Yaya, ajiye."

"In ajiye me?"

"Zan bari na ɗan lokaci. Yawun ya dawo, in ba ki abin nan, in huta. Ke ya kamata Baba ya ba tun farko. In na ba ki sai in koma kan maganina, bakin ya bushe ya zama garwashi ma ba ruwan kowa."

Na ce, "Rijiyar fa? Ka manta wa ya riƙo ka?"

"Ban manta ba."

"To ba da ni ba. Ba na so. Na gode, riƙe kayanka."

Ƙarya nake yi, ina so, tun ina yarinya nake so. Amma tsoron rijiyar ya fi son yawa. Na yi faɗa, na yi magiya, na ce zan kira Modu, na ce zan daka ƙwayar in zuba masa a fura. Ya ce in na yi haka ya daina cin abincin hannuna. Mutum mai gemu, kafaran guda, ba ɗure zan yi masa ba. Ya karɓi kwalbar ya ɗora a kan akwatin ƙarfensa, inda kullum ina ganinta in na shiga shara.

Kwanakin farko ya sha jiri da amai. Bayan nan, wata safiya, na ji ya yi kaki a bayan ɗaki ya tofar, tofarwa mai nauyi irin ta masu lafiya. Ya kira ni in zo in gani, mu biyu tsofai-tsofai muka tsaya a kan yawu a ƙasa muna kallo kamar an haifa mana ɗa.

Na ce, "To bismilla. Ga ni, ga ka."

Ya ce, "Haba Yaya, da wannan bakin? In tofa miki jini da ruɓa? Bari ya warke tukuna."

Ya kuwa fara warkewa. Farin nan ya baje, tsagar ta haɗe, warin ya ragu. Ya ci tuwo da yaji, ya ci kilishi da gefen da ke da sauran haƙora yana lumshe ido. Ladi ta ji, ta gaya wa mai kitso, shi ke nan. Zaure ya cika. Ya tofa wa wani ɗan makiyayi, yaro ya yi shiru nan take, uban ya faɗi yana godiya har ƙasa. Waɗanda suka ce ya sayar da maganin su ne suka riƙa cewa dama sun san gidan Mai Nasara ba ya ƙarewa. Ban taɓa ganin Habu da haske irin na kwanakin nan ba, ko kafin soja.

Kullum sai na tuna masa. Kullum da abin da zai ce. Yau akwai baƙi, gobe Juma'a ta fi albarka, jibi bari damina ta ɗan ja baya don ni sabuwar hannu ce. Na gane ba ya son rabuwa da shi ne, kuma wa zai so? In ya ba ni, ya koma tsohon soja mai wawulo, mai shan ƙwaya, wanda matarsa ta tafi. Na ce masa, "Habu, rowar Baba ce ta taso maka." Ya yi dariya ya ce saura kaɗan.

Ni kuwa ina kallon abin yana dawowa, yadda ake ganin hadari tun yana gabas. Ya bar tuwo rabi. Ya bar aski. Aka yi sallama a zaure ya ce in ce ba ya nan. Na ɗauko kwalbar na kai masa har shimfiɗa, ya kau da kai. Na ce to ba ni abin yanzu, yanzun nan, ko minti ba za mu yi ba. Ya ce gobe, ya gaji. Goben da ta zo, na same shi ya juya wa ƙofa baya.

Na ɗauke takalmansa na ɓoye a rumbu, na kwashe wuƙaƙe da igiyar guga na kai gidan Ladi. Na daina zuwa kasuwa, na daina zuwa biki da gaisuwar mutuwa, ko ban-ɗaki zan shiga sai na saka wa ƙofar gida sakata. Tabarmata na shimfiɗa a bakin ƙofarsa. Gidan ubana ya zame mini kurkuku, ni ce mai gadi, ni ce kuma ɗaurarriya.

Na aika aka kira Modu. Ya zo ranar da ake bikin 'yancin kan, da hantsi, ana ta kiɗa daga wajen bariki, 'yan lakwal, yaran makaranta, suna wucewa da waƙa. Ya duba Habu, ya yi masa magana da Faransanci irin ta soja, bai samu amsa ba. Ya fito ya ja ni gefe.

"A koma kan maganin yau, ba gobe ba. In ya ƙi, ki sa masa a baki, yanzu ba shi da ƙarfin gardama."

Na ce, "Modu, in ya fara sha, wanne ke rigan zuwa? Hankalin ko bushewar?"

"Bushewar. Kafin jibi bakin ya ƙafe. Hankalin sai ya ɗauki makonni."

"In ya tashi fa, a sake bari na ɗan lokaci?"

Ya girgiza kai. "Yaya Tani, kin ga yadda wannan faɗuwar ta fi ta fari. Ta gaba ban san ko za mu same shi ba. In kina son ƙanenki, an gama bari."

Yana fita sai ga Ladi a guje, ba ko mayafi, ɗauke da autarta Gambo. Yarinyar ta sa ƙafa a takalmin biki, ashe da kunama a ciki. Ta sandare tana wani irin kuka, zufa ta jiƙe mata sabuwar riga. Ladi ba ta tsaya a zaure ba, har ɗakin Habu ta shige ta durƙusa.

"Kafaran, don Allah, don Annabi! Gambo ce, Gambonka mai kawo maka fura!"

Bai juyo ba. Na kama kafaɗarsa na juyo da shi da ƙarfi. Idonsa a buɗe, yawu ya taru a bakinsa har yana gangarowa ta gefe yana jiƙa tabarma, ya rasa ko kuzarin haɗiye shi. Na kai kunnena saitin leɓensa.

Na ce, "Habu, ba sai ka tashi ba. Faɗa mini kalmomin kawai. Faɗa, ka tofa mini, ni zan yi mata. Ka huta har abada."

Leɓen ya motsa. Ya daɗe kafin murya ta fito, can ƙasa.

"Suna nan, Yaya. Nauyi gare su."

"Ɗaya-ɗaya. Faɗi ta farko."

Ya rufe ido. Na girgiza shi, na kira shi da sunan da Inna take kiransa, na zage shi, na ce Baba yana kallonsa. Ko gezau. Na sa bakin zanena na share masa haɓa, don ba na son Ladi ta gan shi haka.

Ladi ta cafke zanen. "Ba ni wannan! Ko wannan ne, Yaya Tani, shafa mata!"

Na shafa. Na murza da babban yatsa ina jan dafin ƙasa yadda na ga ana yi tun ina goye, na yi bismilla, na karanta duk abin da na sani. Gambo ta ƙara ƙanƙamewa, kukan ya koma shessheƙa.

Na ce, "Ladi, tashi. Modu bai yi nisa ba, bi shi da gudu, ku wuce gidan likita."

"Ki bari ya ɗan farfaɗo, wataƙila anjima..."

"Ba anjima. Kuma duk wanda kika gamu da shi a hanya ki gaya masa, kada a sake kawo kowa gidan nan. Maganin gidan Mai Nasara ya ƙare."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta suri 'yarta ta fita, ina jin kukan yana nisa har kiɗan bariki ya rufe shi.

Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, na Gambo, na Baba, da nawa. Sannan na tashi na ɗauko kwalbar daga kan akwati. Na tallafo kan Habu na ɗora a cinyata, na matsa masa muƙamuƙi, bakin ya buɗe. Ciki jajir, lafiyayye, a jiƙe sharkaf, yadda ba zan sake ganinsa ba. Na ɗora ƙwayar a bayan harshe na rufe masa baki da tafin hannuna. Ko ruwa bai nema ba, ta wuce.